Gashin furoton ga kansar hanta: wa yake yi wa amfani, me za a bincika a Legas kafin a sayi tikiti?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Yayana ɗan kasuwa ne a Mile 12, shekararsa 47. Ya daɗe da cutar hanta nau'in B, yanzu kuma hoto ya nuna ƙari mai faɗin santimita 6 a ɓangaren dama na hantarsa. An ce kansa ce, kuma tiyata ba za ta yiwu ba. Wani dillalin asibitocin waje ya ce mana a Indiya akwai gashi na furoton da ke ƙone ƙarin cikin mako biyu ba tare da yanka ba. 'Yan'uwa sun fara maganar sayar da fili a gida. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yayanka lafiya, ya sa kaffara ne.

Gashin furoton magani ne na gaske. Asibitin jami'ar Tsukuba da ke Japan ya fara amfani da shi kan kansar hanta tun cikin shekarun 1980, kuma ƙari guda ɗaya mai girman santimita 6 yana cikin irin waɗanda ake yi wa shi. Sai dai girman ƙarin bai isa ya nuna ko yayanka zai amfana ba. Abu biyu ne ke yanke hukunci: ƙarfin da ya rage wa sauran hantar, da ko ciwon ya fita daga inda ya tsiro. Dukkansu ana gano su a nan Legas da kuɗin da bai kai na tikitin jirgi ba. A dakata da maganar fili har sai sakamakon ya zo hannu.

Gashin da aka saba yi, wanda ake yi a cibiyar kansa ta asibitin koyarwa na jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba da wasu asibitoci masu zaman kansu, yana amfani da haske mai ƙarfi irin na ɗaukar hoton ƙashi. Wannan hasken yana ratsa jiki ne ya fita ta ɗaya ɓarin. Ka ɗauke shi kamar buhun gero mai huda a bayan mota: yana zuba tun kafin a iso, ya zuba a wurin da ake so, ya ci gaba da zuba bayan an wuce. Furoton kuwa ƙwayar zarra ce da ake cirowa daga iskar haidirojin, na'ura ta juya ta har gudunta ya kai kusan kashi 60 cikin ɗari na gudun haske, sannan a harba ta cikin jiki. Tana zubar da kaɗan a hanya, ta sauke mafi yawan kayanta a daidai inda gudunta ya ƙare, bayan nan kuma kusan babu abin da ke wucewa. Zurfin da za ta tsaya ya danganta da ƙarfin da aka ba ta. Mafi ƙarfi tana nutsewa wajen santimita 30 a cikin ruwa. Masanin kimiyya Robert Wilson ne ya kawo shawarar a yi magani da ita a 1946, aka fara gwadawa kan mutane a Berkeley ta Amurka a 1954, cibiya ta farko a cikin asibiti kuma ta buɗe a Loma Linda, ita ma a Amurka, a 1990.

Nan ne dillalai kan ƙara gishiri. Idan aka ba ƙari adadin gashi iri ɗaya, furoton bai fi gashin da aka saba kashe kansa da wani abin kirki ba. Likitoci suna lissafa fifikonsa da kashi 10 cikin ɗari kacal, suna kuma saka wannan a cikin awon da suke rubutawa. Amfaninsa yana wajen abin da ya bari bai ƙona ba. Ga hanta wannan babban al'amari ne, domin yawancin masu kansar hanta hantarsu ta riga ta ƙandare da tabo saboda shekarun da cutar B ta yi tana cin ta. Hanta mai lafiya ma, in aka gasa ta gaba ɗaya, ba ta jure fiye da Gy 30 ko kusa da haka, Gy ɗin shi ne ma'aunin gashi. Ƙarin kuwa yana buƙatar ninki biyu na wannan ko fiye. Idan gashin ya fantsama kan sauran hantar, tana iya gazawa tsakanin mako biyu zuwa wata huɗu bayan an gama: ciki ya tara ruwa, hanta ta kumbura, wani lokaci shawara ta bayyana, sakamakon gwajin jini ya lalace. Babu wani magani takamaimai na wannan matsalar sai tallafi da jira, kuma tana kisa. Duk lokacin da ƙari ya girma, hantar da ta rage ta yi kaɗan, fifikon furoton yana ƙara fitowa fili. Ƙaramin ƙari na santimita 2 ko 3 a hanta mai ƙarfi kuwa, sau da yawa gashin da aka saba in an tsara shi da kyau, ko ƙonawa da allurar da ake cusawa cikin ƙarin ta yi zafi, zai yi aikin da kuɗi kaɗan.

Me bincike ya nuna? A wani gwaji na asibitoci da dama a Amurka da aka wallafa a 2016, an yi wa masu kansar hanta da ba za a iya yi wa tiyata ba gashin furoton sau 15. Bayan shekara biyu, kusan kashi 95 cikin ɗari ƙarin da aka gasa bai sake girma ba. Amma waɗanda ke raye a wannan lokacin kusan kashi 63 ne cikin ɗari. Ka dubi tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu da kyau, domin dillali na farkon kawai zai faɗa maka. Tazarar ta samo asali ne daga sabbin ƙari da ke tsirowa a wani sashe na hantar, da bazuwar ciwon, da gazawar hantar kanta. A Koriya ta Kudu kuma, Cibiyar Kansa ta Ƙasa ta raba marasa lafiya 144 gida biyu, masu ƙananan ƙari ƙasa da santimita 3 da suka dawo bayan magani, aka yi wa wasu furoton, wasu ƙonawa da allura. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna furoton bai gaza allurar ba. Gwajin da zai kwatanta furoton da gashin da aka saba kai tsaye an fara shi ne a Amurka a 2017, amma duk wanda ya ce maka an tabbatar furoton ya fi tsawaita rai, ya wuce gona da iri.

Yanzu ga abin da ya shafi yayanka. Tambaya ta farko da za ku mayar wa likitansa ita ce: me ya hana tiyatar? Amsar tana canza komai. In ƙarin ne ya zauna kusa da manyan jijiyoyi, ko abin da zai rage na hanta bayan yanka bai isa ba, ko yana da wata lalura da ta hana a sa shi barci, to furoton na iya zama mafita mai kyau. Ko da ƙarin ya kutsa cikin babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji zuwa hanta, ana gasa irin wannan, har ma yana cikin wuraren da gashi ya fi sauran hanyoyi amfani. In kuwa dalilin shi ne hantar ta riga ta gaza, ko ƙari ya watsu gida-gida a ɓangarori biyu, ko ya kai huhu ko ƙashi, to abin da ya hana tiyata shi zai hana furoton. Gashi yana maganin wurin da aka saita shi ne kaɗai.

Ƙarfin hanta ana auna shi da wani lissafi da ake kira Child-Pugh. Abu biyar ake dubawa, kowanne a ba shi maki 1 zuwa 3: sinadarin shawara a jini, sinadarin albumin da hanta ke samarwa, saurin daskarewar jini, ruwa a ciki, da ko tunanin mutum yana rikicewa. Maki 5 zuwa 6 rukunin A ne, 7 zuwa 9 rukunin B, 10 zuwa 15 rukunin C. Mai A shi ne ya fi dacewa. Mai maki 7 ana iya yi masa da taka-tsantsan, a rage adadin gashin. Daga 8 zuwa sama haɗarin yana ƙaruwa ƙwarai, mai C kuwa gashi mai ƙarfi ya fi kusa da cutar da shi fiye da taimakonsa. Tun daga gida za ka iya samun alama. In idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya yi tulu, ƙafafu sun kumbura, yana barci da rana yana kwana ido biyu, ko yana wuni a kwance ba ya iya fita masallaci, tafiya Indiya wahala ce kawai za ta ƙara masa.

Bayan gwajin jinin, a tabbatar hoton da aka ɗauka na CT ne ko MRI da aka yi da allurar rini, wanda ake ɗauka zango-zango yayin da rinin ke shiga hanta yana fita. Sikanin na yau da kullum da ake shafa wa ciki mai bai isa a tsara magani da shi ba. A ƙara da CT na ƙirji, da gwajin AFP, wani sinadari da kan ƙaru a jinin mai kansar hanta, da yawan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, da aikin ƙoda, da adadin ƙwayar cutar B a jini. In hantar ta ƙandare, a leƙa maƙogwaro da kyamara a ga ko jijiyoyinsa sun kumbura, domin fashewarsu a ƙasar waje tsakiyar magani masifa ce da za a iya kauce mata da ɗauri ko ƙwaya. Hoton da ya wuce wata ɗaya zuwa mako shida ya tsufa. Kansar hanta ba ta jiran biza.

Maganin cutar B kuma a fara shi yau in ba a fara ba, tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya kullum. Gashi yana iya tayar da ƙwayar cutar ta far wa hanta a lokacin da ta fi rauni. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a daina shan maganin don an ji sauƙi.

Batun mako biyu yana da ƙamshin gaskiya, amma rabin labari ne. Tsarin da aka daɗe ana bi a Tsukuba ya danganta da mazaunin ƙarin. In yana nesa da hanji da ƙofar hanta, Gy 66 a zama 10, wato mako biyu. In yana kusa da ƙofar hanta inda bututun ruwan madaciya ke fita, Gy 72.6 a zama 22. In yana maƙwabtaka da tumbi ko hanji, sai a rarraba shi zuwa zama 35 ko fiye, kusan mako bakwai. A Amurka an fi yin zama 15. Ana raba shi kaɗan-kaɗan ne don naman da ke kusa ya samu damar farfaɗowa tsakanin zama da zama. Kafin zama na farko kuma akwai shiri na mako ɗaya zuwa biyu. Saboda haka ku yi lissafin wata ɗaya zuwa biyu a can, da masauki da abinci na mutum biyu.

Shirin nan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan cibiya mai kyau ke bambanta da wadda ta sayi na'ura kawai. Hanta tana manne da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, duk numfashi tana sauka tana hawa santimita 1 zuwa 2, wani lokaci fiye. Ana kwantar da mutum a cikin wata katifa da ake zuƙe iskarta ta ɗauki siffar jikinsa, hannaye a sama da kai, a ɗauki CT da ke bin numfashinsa daga shaƙa zuwa fitarwa. Daga nan a zaɓi dabara: ko a koya masa riƙe numfashi na daƙiƙa 15 zuwa 20 a harba a lokacin, ko na'ura ta riƙa harbi sai a ƙarshen fitar da numfashi kawai, ko a danne cikin da ɗamara don motsin ya ragu. Sau da yawa ana cusa 'yan ƙwayoyin zinare kamar ƙwayar shinkafa kusa da ƙarin ta allura, su zama alamar da hoto zai riƙa gani kowace rana. Yana da kyau ya fara koyon riƙe numfashi tun a gida, a kwance, hannaye a sama. Kowane zama yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, mafi yawansa saiti ne, harbin kansa 'yan mintuna ne, ba a jin zafi, kuma ba ya fitowa da wani abin da zai cutar da iyali.

Ƙarfin furoton shi ne kuma rauninsa. Tunda a wuri ɗaya yake sauke kaya, kuskuren lissafi yana da tsada. Tirelar albasa da ya kamata ta sauke a Mile 12, in ta tsaya a Ketu kayan bai iso ba, in ta zarce Owode ta zube a inda ba a so. Zurfin da furoton zai kai ya danganta da duk abin da ya ratsa a hanya: fata, kitse, haƙarƙari, gefen huhu, iska a hanji. Masu lissafi suna barin rarar kusan kashi 3 cikin ɗari na zurfin da ƙarin milimita kaɗan saboda wannan. Amma in mutum ya rame kilo huɗu ko biyar tsakiyar magani, ko ciki ya fara tara ruwa, ko ya cika tumbi da tuwo yau alhali ranar shiri da yunwa aka ɗauki hotonsa, lissafin ya tashi. Shi ya sa ake cewa kada a ci abinci awa biyu zuwa uku kafin kowane zama, a guji wake da lemon kwalba, a kuma riƙa maimaita CT a tsakiyar magani don a gyara tsarin in jiki ya canza. In an taɓa yi masa maganin da ake turawa ta jijiya a toshe hanyar jinin ƙarin, a faɗa musu, domin man da ake haɗawa da shi yana fitowa fari fat a CT kamar ƙashi, yana iya ruɗa lissafin in ba a gyara ba.

Illolin da aka fi gani su ne kasala, rashin cin abinci, da ƙunar fata a inda hasken ya shiga, wanda furoton ya fi gashin da aka saba jawowa. Ƙarin da ke kusa da haƙarƙari kan bar ciwon gefe, wani lokaci ƙashin ya tsage bayan watanni. Wanda ke kusa da tumbi ko farkon hanji kan jawo gyambo, alamarsa baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini, kuma wannan asibiti ake kai shi nan take. Bututun madaciya ma kan tsuke daga baya, shawara ta biyo.

Kada ku zata za a dawo da hoto mai tsabta. Ƙarin da aka gasa yana mutuwa ne a hankali, yana iya ci gaba da ɗaukar rini a hoto har wata shida ko fiye, hantar da ke kewaye da shi ma tana canza launi. Mai karanta hoton da bai san an yi gashi ba zai iya rubuta cewa ciwon ya dawo. Don haka ku karɓo cikakken rahoton maganin da taswirar inda gashin ya sauka, ku samu likita a Legas da ya amince zai riƙa bibiya tun kafin ku tafi: gwajin hanta a makonnin farko, hoto da AFP duk wata uku.

A Najeriya babu na'urar furoton. A Indiya akwai cibiyar Apollo a Chennai da ta fara aiki a 2019, da ta asibitin Tata a Navi Mumbai. Japan, Koriya ta Kudu da Taiwan su suka fi gogewa kan hanta, saboda su ma cutar hanta ta yi musu yawa. Kuɗin dubun-dubatar daloli ne, ban da jirgi da masauki. Kada a biya dillali komai kafin likitan gashi na cibiyar ya ga hoton kansa, ba rahoton takarda ba. Ku nemi a kwafa muku shi a faifai ko filashi daga inda aka ɗauka, ku aika ta adireshin asibitin kai tsaye, ku nemi amsa a rubuce: zama nawa, Gy nawa, wace dabarar numfashi, masu kansar hanta nawa suke gasawa a shekara, me kuɗin ya ƙunsa, kuma wa zai biya in aka kwantar da shi. Tambaya mafi amfani ita ce su kwatanta muku tsarin furoton da na gashin da aka saba a kan hotonsa, su nuna yawan hantar da kowanne zai tsirar. In bambancin kaɗan ne, kuɗin bai cancanta ba. Kuɗi kuma asusun asibiti ake tura shi, da rasit. Indiya tana neman katin rigakafin zazzaɓin shawara daga matafiyan Najeriya. In bai taɓa yin allurar ba, likitansa ne zai ce ko jikinsa zai ɗauka.

Kafin duk wannan, a kai fayil ɗinsa gaban taron likitoci da ya haɗa na hanta, na tiyata, na gashi da na magani ta jijiya. Wani lokaci ƙarin da likita ɗaya ya ce ba ya yankuwa, ƙwararren mai tiyatar hanta ya ce zai yanku, kuma tiyata in ta yiwu ita ake fifitawa a kan gashi. Dashen hanta bisa ƙa'idar da aka fi bi sai ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko uku da kowanne bai wuce 3 ba, don haka nasa ya ɗan zarce. Ku tambaya ko cibiyoyin gashi na Legas za su iya yi masa gashi mai tsananin saiti na zama uku zuwa biyar, ko toshe jijiyar ƙarin. In ya bazu amma hantar tana rukunin A, magungunan da ke bin jini su ne hanya: atezolizumab tare da bevacizumab, ko lenvatinib, ko sorafenib. In ciwo ne ya dame shi, zama ɗaya na Gy 8 da na'urar da aka saba yana rage raɗaɗin hanta, kuma wannan ba sai an ƙetare teku ba.

A halin yanzu a ɗauke masa agbo da duk wani jiƙo ko sassaƙe da ba a san abin da ke ciki ba, da diclofenac da ibuprofen, domin suna jawo zubar jini su kuma taɓa ƙoda. Paracetamol kada ya wuce giram 2 a yini. A guji gyaɗa, ƙuli-ƙuli da masarar da suka yi funfuna, saboda gubar da ke cikinsu tana haɗuwa da cutar B ta ninka haɗarin kansar hanta. Kada a hana shi nama, ƙwai da kifi sai likita ya ce. Ramewa tana rage masa damar kowane irin magani.

Kai kuma, Malam, da duk waɗanda kuka fito ciki ɗaya da shi, da matansa da 'ya'yansa, ku je a yi muku gwajin cutar B cikin makon nan. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, kuma a ƙasarmu yawanci tun ƙuruciya ake kamuwa, a cikin gida ɗaya. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, allura uku. Wanda ke da ita, musamman tunda ɗan'uwansa ya yi kansar hanta, ya riƙa yin sikanin hanta da gwajin AFP duk wata shida. Jaririn da aka haifa a gidan kuma a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa.